Koren Zaren da Burul Ta Bari

Tun kafin Begimai ta iya kiran uwarta "Apa" ta san zaren nan. Kore ne, na ulu, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, yana reto daga ƙasan tush-kiyiz, ƙyallen adon da ya rufe bangon ɗakinsu, daidai inda ake yi mata shimfiɗa. In barci ya fara ɗibarta sai ta lalubo shi, ta naɗa a yatsa, ta warware, ta sake naɗawa, har idon ya rufe. Yanzu shekarunta huɗu. Zaren ya sha hannu da yawu har ya koɗe, amma duk ranar da uwarta Jipar ta nufo shi da ruwa da sabulu, sai an yi rigima a gidan.

Burul, mahaifiyar Jipar, ita ta yi wannan ƙyallen bango. Tun Jipar tana 'yar makaranta take ganinta duƙufe a kansa bayan tatsar yamma, tana cika baƙin karan-miski da furanni da ƙahonnin rago. Gefe uku ta ƙawata ta kalmashe. Gefen ƙasa kuwa ta bar shi yadda ake bari, ba kalmasa, sai rabin fure da ta fara ta tsaya, da zaren da ta zare wa allura ta ƙyale shi a nan. Ranar da aka kawo Jipar wannan ƙauye na bayan At-Bashi, Burul da hannunta ta rataye shi. Ba ta ga haihuwar jikarta ba, ta rasu Jipar tana da ƙaramin ciki.

Jipar ba mai yawan camfi ba ce. In Begimai ta tashi da tarin nan nata mai sa ƙirji kuka, asibiti take kai ta, ba wajen mai tofi ba. Amma cikin duk abin da ta mallaka, wannan ne kaɗai hannun uwarta ya daɗe a kansa, kuma ta riga ta ƙudura a ranta cewa ita ma da hannunta za ta rataye wa Begimai shi wata rana, gefen a buɗe, zaren a wurinsa.

Da ƙanƙara ta fara narkewa a bana, Merim ta dawo ƙauye da maganar kasuwa. Merim yayar mijin Jipar ce. Ta ajiye aikin ofis mai kyau a Bishkek don ta buɗe wa matan ƙauyuka shago a intanet, inda mai saye a kowace ƙasa zai ga shirdak, dardumar da aka yi da gashin tumakinsu, ya ga sunan wadda ta yi, kuɗin ya zo hannunta ba tare da dillalan da ke zuwa da manyan motoci sun cinye rabi ba. Ba ta wasa da abin. Ta rame a kansa, ta sayar da motarta, wayoyi biyu take riƙewa kuma duka ba sa shiru. Jipar tana cikin waɗanda suka fara ba ta goyon baya, don ta ga abin da ke ciki: mijinta Talant yana aikin gini a Masko, kuma an fara raɗe-raɗin ita ma ta bi shi ta bar yarinya wurin kaka, kamar yadda rabin matan layinsu suka yi. In allura za ta iya tsayar da ita kusa da 'yarta, to allura za ta riƙe.

Matsalar ta fito ne tun a kayan gwaji. Shirdak ya tafi lafiya, silifas na gashi ya tafi lafiya, amma tsofaffin tush-kiyiz biyu da aka aika ƙasar waje sai ga su sun dawo. Masu sayen sun ce an sayar musu da aikin da ba a gama ba, zare yana zuba a ƙasa. Merim ta tara mata a wani ajin makaranta ta faɗa musu, fuskarta duk ba daɗi.

Tsohuwa Uulkan ce ta fara magana, mai haƙorin zinariya da bakin da ba ya barin kowa. "To ki tambaye su mana, Merim. Su a ƙasarsu, in yarinya ta yi aure shi ke nan ta gama? Sai a ɗinke ta a jingine?"

Aka yi dariya. Uulkan ba ta yi ba. Ta ce ita dai yadda ta taso ta gani, uwa ba ta rufe gefen nan, don rayuwar 'yarta ba ta ƙare ba, akwai 'ya'ya a gaba, akwai jikoki, dole a bar musu hanya. Merim ta ce ta sani, ita ma a nan aka haife ta, har ta rubuta bayanin a shafin, amma mutane hoto suke kallo, ba sa karatu. In kaya suka ci gaba da dawowa kafin a buɗe shagon ma, masu ba da tallafi za su janye, kuma ita ba ta da wata motar da za ta sayar.

Jipar ba ta saba magana gaban manya ba, amma ta ji bakinta ya buɗe. Ta ce waɗanda ake sayarwa ai sun riga sun bar gida. Wasu masu su sun rasu, wasu 'ya'yansu suna gidajen haya a birni inda ba bangon da zai ɗauke su. Baturiyar da za ta saya ba 'yar kowa ba ce a cikinsu. A ja layi da sabulu, a datse gefen ya miƙe, a kalmashe da jan karan-miski, shi ke nan. Ta karɓi ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo ta yi a gabansu, a kan teburin malami. Ya fito tsaf, kamar da haka aka yi shi. Merim ta ɗauki hannunta a waya tun daga jan layi har ɗinkin ƙarshe, don telolin da ta ɗauka a Bishkek su gani su koya. Uulkan ta juya ƙyallen ta sake juyawa, ta ce kelin ɗin Toktokan, wato Jipar matar ɗanta, akwai hannu, Allah Ya sa hankalin ma ya kai hannun.

Daga ranar, duk tsohon tush-kiyiz da za a sayar a ƙauyen, ta ɗakin Jipar yake bi. Abin da ta datse takan zuba a jaka, Merim ta tafi da shi, don ta ce a shagonta ba a zubar da komai.

Ana saura 'yan kwanaki bikin buɗe shagon a Bishkek Merim ta zo kwashe kaya. Suna zaune kan shimfiɗar abinci, ita da mahaifiyarta Toktokan, Jipar tana bakin butar shayi tana zuba musu rabi-rabin kofi, sai Merim ta ɗaga kai ta kalli bangon ɗakin da ƙofarsa ke buɗe. Ta daɗe tana kallo. Jipar ta gane kafin ta yi magana.

Ta ce aro kawai take so. Za a rataye shi a bayan mumbari ranar biki, kuma hotonsa ne zai zama abu na farko da mutum zai gani in ya buɗe shafin. Duk kayan da ta tara daga ƙauyuka babu mai kyansa. Ba na sayarwa ba ne, ko nawa aka taya.

"Eje," in ji Jipar, yadda ake kiran yaya, idonta a kan buta, "yarinyar ba ta barci sai da shi."

"Mako ɗaya ne fa. Ita da za ta shiga makaranta baɗi, sai ki naɗe bangon ki sa mata a jaka?"

Toktokan ta yi 'yar dariya, ta tsoma soyayyen burodin nan borsok a shayi. Nata tush-kiyiz ɗin tuni asu ya cinye, an yanka ragowar an yi matasan kai. Ta ce da Burul tana raye da ta ji daɗi a ce duniya ta ga aikinta, mace ce mai son a yaba mata. Sannan ta dubi surukarta, ta sassauta murya. "Ki ba ta, 'yata. Kin ga yadda ta koma. In abin nan ya faɗi, ban san inda za ta sa kanta ba."

Ba a ce wa yayar miji a'a gaban uwar miji. Kuma gaskiya ne, Merim ta koma kamar wadda ta tashi daga jinya. Jipar ta shiga ɗaki ta sauke shi. Ta ɗauki almakashi, ta yi tunanin ta yanke zaren kawai ta ajiye wa Begimai, har ta sa shi tsakanin bakin almakashin. Sai ta ga ƙullin da uwarta ta yi a bayan ƙyallen, ƙarami, a karkace, irin na mai aiki da hagu. Ta ajiye almakashin. Zaren da aka raba da ƙyallensa ai ya zama zare kawai. Ta naɗe shi a hankali, ta maƙale da fil, ta naɗe tush-kiyiz ɗin cikin farin zanen gado dabam da sauran kaya. A bakin mota ta faɗa wa Merim, ta sake faɗa: kada kowa ya taɓa gefen ƙasa. Merim tana amsa waya da kunne ɗaya, ta dafa ƙirji ta ce da kanta za ta rataye, da kanta za ta sauke.

Makon bai yi daɗi ba. Bangon ya fito fari fat inda ƙyallen yake, kewaye da launin hayaƙi, sanyi kuma yana ratsowa ta nan fiye da yadda Jipar ta zata. Begimai takan miƙa hannu ta shafo siminti, ta buɗe ido, ta tambayi ina zaren Tayene. Tayene take ce wa kakar da ba ta taɓa gani ba. Jipar ta ba ta bakin ɗankwalinta, ta ba ta igiyar riga, ta ba ta jelar gashinta ma, duk ta ture. Rashin barci ya taso da tarin. Jipar ta rataye bargo a wurin, ta matsar da shimfiɗar kusa da murhu, tana gaya mata kullum cewa zaren ya je birni ganin mutane, zai dawo.

Ranar biki da rana matan suka taru a gidan Uulkan, don a nan ne waya ta fi kamawa. Aka jingine wayar jikarta a jikin kwanon sukari, kai ya haɗu da kai. Hoton yana tafiya yana tsayawa. Ga Merim nan a tsaye cikin rigar gargajiya, tana magana, ga baƙi a kujeru, ga tush-kiyiz ɗin Burul a bayanta ya cika bango, fitilu sun haske shi har Jipar ta ga launukan da ta manta yana da su. Matan suka yi ta taɓa ta suna cewa ga naki can, ga naki can. Wani dogon tebur ya tare ƙasansa.

Can aka kira masu tallafi su zo a ɗauki hoto, wasu samari suka janye teburin. Jipar ta ga wani jan layi ya bi ƙasan ƙyallen daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kafin ta matso, hoton ya tsaya cak a kan fuskar wani mutum mai gilashi, sannan ya ɗauke gaba ɗaya.

Ta ce wa kanta ƙila kafet ne, ko wani ƙyalle aka shimfiɗa a ƙasa. Ta fita tsakar gida ta kira Merim, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. A ciki kuwa waya ta dawo, an fara karanto sunayen waɗanda aka sayi kayansu a sa'ar farko, ana guɗa, Uulkan tana cewa yau sai ta sayi haƙori na biyu. Jipar ta koma ta ɗauki Begimai daga cinyar wata maƙwabciya. Uulkan ta bi ta da ido, ita kaɗai. Ita ma ta ga layin.

Mako ya wuce, aka shiga na biyu. Merim takan turo gajeren saƙo cewa aiki ya yi mata yawa, tana nan tafe. Da kaya ne kawai da ta ba direban ƙaramar bas ya kawo, kamar yadda ta saba. Da Jipar ta ji cewa da kanta za ta zo, sai ta daina ce wa Begimai zai dawo.

Merim ta iso da hantsi, ana yayyafi, ɗauke da farin zanen gadon a hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Ta kawo wa Begimai 'yartsana, ta kawo wa mahaifiyarta magani. Aka zauna. Ba ta taɓa borsok ba. Ta fara ba da labarin yadda shagon ya karɓu, ta yanke a tsakiya, ta ce gara ta faɗa kawai.

An sauke kayan duka a ɗakin ɗinki, ita kuma ta tafi neman takardar izinin wurin taro, aka riƙe ta yini guda. Wata sabuwar tela, baiwar Allah mai ƙoƙari, ta kwance farin zanen ta ga tush-kiyiz da gefe a buɗe. Ta riga ta kalli hoton hannun Jipar har ta haddace. Ta ga wannan ne za a rataye gaban baƙi, sai ta ajiye komai ta fara da shi, ta zaɓo karan-miski mafi kyau. Da Merim ta dawo, matar da murna ta tare ta tana nuna mata. Merim ta ce ta zauna a ƙasa ta yi kuka gaban ma'aikatanta. Ta ce laifinta ne, ba na matar ba, ita ce ba ta faɗa ba.

Jipar ta saurara har ƙarshe. Kalmasa ba komai ba ce, ana farke ta. Abu ɗaya take son ji.

"Gefen da aka datse, Eje. Yana ina?"

Merim ta dubi mahaifiyarta, ta dubi ƙasa. Ta ce ai ta san ba sa zubar da komai. Ragowar ƙyalle ana yanka su ƙanana, a ɗinke, a sa zobe, su zama abin rataye makulli. An raba wa baƙi ranar biki, sauran an jefa ɗaya-ɗaya cikin kwalayen da aka fara aikawa, kyauta. Ta bi telolin, ta zazzage kwandon shara da hannunta, ta kira baƙin da take da lambarsu. Ta buɗe jaka ta ajiye wani ɗan abu a kan shimfiɗa. Girmansa bai fi akwatin ashana ba, baƙin karan-miski da ɗan ɓangaren ganyen fure a jiki. Babu zare.

"Wannan kaɗai na samu. Jipar, ki faɗi duk abin da kike so in yi."

Jipar ta ɗauki kofin Merim ta zuba shayi. Ba ta tsaya a rabi ba. Ta ci gaba da zubawa har ya kawo baki, ta miƙa da hannu biyu yadda ya kamata, ba tare da ɗigo ya zuba ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa cika wa kowa kofi ba, don wanda aka cika wa an ce masa ne ya sha ya kama hanya. Merim ta karɓa, ta kalli kofin, ta sha duka da zafinsa. Toktokan ta buɗe baki kamar za ta tsawata, sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce bari ta duba tumaki, ta fita cikin yayyafin ba ko mayafi.

Bayan motar ta tafi, Jipar ta shimfiɗa tush-kiyiz ɗin kusa da taga. Aikin ya yi kyau, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ɗinkin a jere, kusurwa a lanƙwashe yadda ita ta nuna, har ɗan ninkin da take yi a ƙarshe don kada ya kumbura. Ta sa reza ta farke jan karan-miskin kaf. A ƙarƙashinsa gefen ya miƙe sambal, ga sauran farin sabulu a bakin yankan. Rabin furen ya tafi, ƙullin hagun ya tafi. An datse kusan faɗin tafin hannu, daidai yadda ta koyar.

Ta nemo koren ulu a kwandon ɗinkinta, mafi kama da wancan. Ta jiƙa shi, ta murza a tafin hannu, ta goga a jikin dutsen murhu don ya ɗan tsufa. Ta soka shi a inda take ganin nan ne, ta ƙulla da hagu, ƙullin ya ƙi zama, ta sake da dama. Ta cire bargo ta mayar da ƙyallen bango. Yanzu ya ɗan gaza, wani siririn farin layi na siminti yana leƙowa a ƙasa.

Da lokacin barcin rana ya yi ta kwantar da Begimai a tsohon wurinta. Yarinyar ta ga furanni ta yi murmushi, ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, kamar kullum. Sai da ta ɗan ɗaga hannun sama kafin ta same shi. Ta naɗa a yatsa sau ɗaya. Ta warware. Ta kai hanci ta shinshina.

"Ba na Tayene ba ne."

Jipar ta riga ta shirya abin da za ta ce, cewa an yi masa wanka ne a birni. Da ta ga idon yarinyar sai ta kasa. Ta ce e, ba shi ba ne, wancan ya ɓata, wannan ita ta sa. Ta jira kuka. Begimai ba ta yi kuka ba. Ta saki zaren, ta juya wa bangon baya, ta cusa hannu biyu ƙarƙashin kumatu, ta yi ta kallon murhu har barci ya ɗauke ta a haka. Washegari ma haka, ba ta ko miƙa hannun ba. Toktokan ta ce to ai an huta, yarinya ta girma, amma ba ta kalli surukarta ba da take faɗa, kuma tun ranar ba ta ƙara shiga ɗakin ba.

A kan keken ɗinkin Jipar akwai tush-kiyiz guda da ke jiran kalmasa tun kafin biki, an riga an saye shi. Na Uulkan ne, wanda uwarta ta yi mata. Jipar ta naɗe shi ta kai mata gida, ta ce ba za ta iya ba.

Ta sami tsohuwar tana tsefe gashin tumaki a bakin ƙofa. Uulkan ba ta karɓa ba. Ta ce 'yarta ɗaya tana ƙarƙashin ƙasa, ɗayar tana wanke benaye a Masko kuma ta ce kada a ajiye mata tsummokara. Rufin ɗakinta yana yoyo. Wa za ta bar wa hanya?

"Ke kika koya mana, kelin. Yanzu da ya zo kanki ne kika san yana da zafi? Je ki ɗinke, mutane sun biya."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har ta tura mata kurut, busasshen cuku, guda biyu a aljihu ta kai wa yarinya. Jipar ta dawo da ƙyallen a hammata.

Ta shimfiɗa shi a kan tebur. A gefen ƙasa akwai wani tsuntsu da aka yi wa fiffike ɗaya, da shuɗin zare mai ɗan tsawo a maƙale. Ta ɗauki sabulu don ta ja layi, ta riƙe shi har ya fara narkewa a hannunta. Sai ta ajiye. Ta ninke gefen ciki yadda yake, da tsuntsun da zaren da duk bakin da ya zazzage, ta kwantar da zaren a tsawon ninkin, ta rufe da jan karan-miski, ta ɗinka da hannu, manyan ɗinki waɗanda ko da farce za a iya farkewa. Gefen ya fito da kauri, ya ɗan yi tudu a tsakiya. Duk wanda ya san aiki zai gani.

Merim ta gani. Kwana kaɗan bayan kayan sun isa ta kira, karo na farko tun ranar shayin, tana magana a hankali kamar mai taka ƙanƙara. Ta tambayi jikin Begimai. Sannan ta ce telolin sun ce wannan gefen bai kwanta ba, ko a gyara?

"Kada a taɓa, Eje. In ya dawo, a cire daga nawa. Kuma hoton hannuna da kika ɗauka, ki goge shi."

Merim ta ce za ta goge daga wayarta. Amma ta riga ta tura wa matan ƙauyuka da yawa, har na Talas da na kudu, kuma su ma sun tura wa wasu. Ba ta san yadda za ta dawo da shi ba.

Jipar ta ce ta ji. Ta ajiye wayar a kan keke. A ɗaki Begimai tana barci, bayanta ga bango, sabon zaren yana reto a saman kanta, kore shar, ba wanda ya taɓa shi.